Agogo, tsinke da ɗigon jini: wane gyara masu ciwon suga ke jira a na'urar gwajinsu?

Duk mai shiga Facebook ko TikTok ya taɓa cin karo da tallan agogon hannu da ake cewa yana auna sukarin jini ba tare da an huda yatsa ba. Akan turo shi a zauren WhatsApp na dangi da kyakkyawar niyya: "A saya wa Baba wannan ya huta da allura." A ranar 21 ga Fabrairun 2024, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta ce babu agogo ko zobe ko ɗaya mai irin wannan iƙirari da ta amince da shi, ta kuma gargaɗi jama'a kada su dogara da su. Ba a cika mako biyu ba, a farkon Maris, hukumar dai ta ba da izinin sayar da Stelo ta kamfanin Dexcom ba tare da takardar likita ba, wata na'ura da ake mannawa a dantse tana bibiyar suga dare da rana.

Labaran biyu sun iso kusan tare, kuma cakuɗa su ba wuya. Wani zai ɗauka an hana sababbin na'urori gaba ɗaya, wani kuma zai ɗauka zamanin huda yatsa ya wuce. Duka biyun kuskure ne. Al'amarin kuwa ba na mutane kaɗan ba ne: a ƙididdigar 2021 ta Tarayyar Ƙungiyoyin Ciwon Suga ta Duniya, IDF, manya miliyan 537 ne ke da ciwon, miliyan 24 daga cikinsu a Afirka, inda fiye da rabi ba su ma san suna ɗauke da shi ba. Najeriya na da kimanin miliyan 3.6 a wannan lissafin.

Abubuwa uku da ake rikitawa

Na farko ita ce na'urar da kowa ya sani, gulukomita: ka huda gefen yatsa, ka taɓa ɗigon jinin da bakin tsinken gwaji, wanda masu kemis ke kira sitirif, lamba ta fito a allo. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne ainihin aikin a jikin tsinken ake yin sa. An shafa masa wani sinadari, enzayim, wanda idan ya haɗu da sukarin jini yakan haifar da 'yar wutar lantarki. Na'urar tana auna ƙarfin wutar ne kawai ta mayar da shi lamba. Idan tsinken ya lalace, na'ura komai tsadarta ƙarya za ta faɗa.

Na biyu ita ce na'urar manne, wadda likitoci ke kira CGM. Ita ma sai ta huda fata, sau ɗaya, ta bar wani siririn zare a ciki na kwana bakwai zuwa sha biyar, gwargwadon samfuri. Ba jini take aunawa ba, ruwan da ke tsakanin ƙwayoyin nama ne, tana tura sakamakon zuwa waya. Akwai agogunan da ke nuna wannan sakamako a fuskarsu, kuma daga nan ne wani ɓangare na ruɗanin ya samo asali: agogon allo ne kawai, ba shi ke awon ba.

Na uku shi ne awo ba tare da huda fata ba sam. Wannan har yanzu buri ne.

Daga tururuwa zuwa daƙiƙa biyar

Likitocin Indiya na dā sun lura tururuwa na taruwa a fitsarin wasu marasa lafiya, alamar da tsofaffi a nan ma suka sani. An daɗe ana dogara da gwajin fitsari, wanda ba ya nuna komai sai suga ya hau sosai, kuma ba ya nuna faɗuwarsa ko kaɗan. A 1965 kamfanin Ames na Amurka ya fito da tsinken Dextrostix mai sauya launi, a 1970 kuma injiniyan kamfanin, Anton Clemens, ya ƙera na'urar karanta launin, mai nauyin fiye da kilo guda, wadda aka yi domin ofishin likita. Sai a 1987 aka samu ExacTech mai aiki da lantarki irin na yau. Babban binciken DCCT da aka bayyana sakamakonsa a 1993 shi ya tabbatar cewa riƙe suga kusa da daidai na rage lalacewar ido da ƙoda da jijiyoyi, kuma hakan ba ya yiwuwa sai da awo a kai a kai. Yau ɗigon da bai kai ƙwayar gero ba ya isa, sakamako kuma cikin daƙiƙa biyar. Ta fuskar sauri da ƙanƙanta an ci nasara. Sauran wuraren ne ke da sauran aiki.

Me ya sa na'ura biyu ba sa faɗin abu ɗaya

A ce magidanci ya gwada a gida da asuba ya ga 178 a ma'aunin mg/dL. Ya biya kemis a hanyar kasuwa, nasu ya nuna 215. Ɗansa ya ce na gida ya lalace, mai kemis ya ce ai nasa ne na asali. Mai yiwuwa babu wadda ta lalace a cikinsu.

Ƙa'idar duniya da ake auna waɗannan na'urori da ita, ISO 15197 bugun 2013, ta ce kashi 95 cikin ɗari na sakamakon na'ura dole ya faɗa cikin tazarar kashi 15 cikin ɗari, sama ko ƙasa, na abin da ɗakin gwaji zai bayar, idan suga ya kai 100 ko ya wuce. Idan bai kai 100 ba, tazarar maki 15 ce sama ko ƙasa. Ma'ana, wanda ainihin sukarinsa 200 ne, na'ura na iya nuna masa 170, wata ta nuna 230, kuma dukansu sun cika sharaɗi. Bugun 2003 ma ya fi haka sassauci, kashi 20 ya yarda da shi.

A can sama wannan tazara ba ta cika yin ɓarna ba, domin 170 da 230 duk suna nufin suga ya hau. A ƙasa ne take da haɗari. Iyakar faɗuwar suga ita ce 70. Wanda yake kan 60 yana iya ganin 75 a allo, ya ce lafiya lau, ya hau babur. Wanda kuma ke lissafa yawan insulin ɗinsa da lambar da ya gani, kuskuren na'ura kai tsaye yake zama kuskuren allura.

Akwai kuma batun ko na'urorin na ci gaba da cika sharaɗin bayan sun shiga kasuwa. Wata ƙungiyar masana a Amurka, Diabetes Technology Society, ta sayo samfura 18 da aka fi amfani da su daga shaguna ta gwada, aka wallafa sakamakon a 2018: shida ne kaɗai suka tsallake ma'aunin binciken a duka zagaye uku. Dukansu kuwa na'urori ne da hukuma ta riga ta amince da su.

Daga nan ra'ayi ya rabu. Masu fafutukar marasa lafiya da likitoci da dama na son a matse tazarar, musamman a ƙasa, a kuma riƙa sayo na'urori daga kasuwa ana sake gwada su maimakon dogara da takardun da kamfani ya miƙa ranar neman rajista. Masu ƙerawa na cewa kowane mataki na ƙarin daidaito kuɗi ne, kuma a kan tsinke zai sauka, sannan mafi yawan kuskuren daga hannun mai amfani yake fitowa ba daga masana'anta ba. Kowane ɓangare na da gaskiyarsa. Sai dai buƙata ta biyu, wato sa ido bayan sayarwa, ba ta dogara da sabuwar fasaha ba. Aikin hukuma ne, a Najeriya NAFDAC, kuma ita ce ta fi shafar kasuwar da kaya ke shigowa ta hanyoyi barkatai. Ko a Amurka an taɓa kama jabun tsinke, har FDA ta yi gargaɗi a kai a 2006.

Zafi, ƙarancin jini da mangwaro

A nan ne jerin buƙatun mai ciwo a Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai ya bambanta da na takwaransa a Landan. Duba jikin kwalbar tsinke: yawancinsu an rubuta a ajiye su inda zafi bai wuce digiri 30 ba. A watan Afrilu waɗannan garuruwa na haura 40 a inuwa, balle ɗaki mai rufin kwano, balle gaban mota, balle kwantenar da ta kwana a hanya daga Legas. Enzayim ɗin da ke kan tsinke ba ya jure wannan, kuma idan ya raunana ba ya sauya kama. Tsinken na nan fes kamar sabo, lambar ce kawai ke karkacewa. Da damina kuma laima ce ke shiga duk lokacin da aka buɗe kwalba aka manta ba a rufe ba. Wasu samfuran ma wata uku zuwa shida kawai suke yi bayan buɗewa, ko da ranar da aka buga a jiki ba ta zo ba.

Gyaran da ake nema a nan a fili yake: tsinke mai jure zafi, da wata alama a jikin kwalba da za ta sauya launi idan kayan sun sha rana, irin wadda ake sa wa kwalaben rigakafin shan inna. Akwai kuma samfuran da ake naɗe kowane tsinke shi kaɗai a takardar gwangwani. Ga al'ummar da ta saba sayen omo da madara a ƙulle-ƙulle, wannan ya fi dacewa da aljihu, domin za a iya sayar da biyar ko goma ba tare da an bar sauran a buɗe ba.

Abu na biyu shi ne jinin kansa. An saita na'urorin ne bisa jini mai matsakaicin kauri. Idan jajayen ƙwayoyin jini suka yi ƙaranci, abin da ma'aikatan asibiti ke dubawa da gwajin PCV, na'ura kan nuna suga sama da yadda yake. Idan jinin ya yi kauri, kamar ga wanda ruwan jikinsa ya ƙare, takan nuna ƙasa. Wa ke fama da ƙarancin jini? Mai juna biyu, mai sikila, wanda zazzaɓin cizon sauro ya kayar, mai ciwon ƙoda. Sababbin na'urori da dama na gyara wannan da kansu, masu araha kuwa ba duka ba, kuma bayanin yana cikin 'yar takardar nan mai ƙananan rubutu da ake jefarwa tare da kwali.

Na uku ba laifin na'ura ba ne. Wanda ya ɓare mangwaro ko lemo, ko ya ɗebi dabino, ya huda yatsan nan bai wanke ba, zai iya ganin lambar da za ta tayar da hankalin gida duka, alhali sukarin fata aka auna. Goga auduga mai sifirit ba ya wadatarwa kamar ruwa da sabulu, a kuma bari hannu ya bushe.

Tsinke, inda kuɗin yake

Na'urar kanta ba ta cika tsada ba, wani lokaci ma kyauta ake raba ta a taron wayar da kai. Ribar kamfani na cikin tsinke, kuma kowane kamfani nasa daban, har ma samfura biyu na kamfani ɗaya ba lallai su karɓi tsinken juna ba. Yaro mai nau'in ciwo na ɗaya, wanda rayuwarsa ta dogara da insulin, idan zai gwada sau huɗu kacal a rana yana buƙatar tsinke 120 a wata, wato kwalba mai 50 guda biyu da kusan rabi, 1,460 a shekara. Tun da aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa a Yunin 2023, duk abin da ake shigowa da shi da dala ya tashi, tsinke ma bai tsira ba. Sakamakon sananne ne a ɗakunan duba masu suga: ana gwaji ne ranar da jiki ya ƙi daɗi, ko ana gobe ganin likita, ko kuma na'ura ta koma cikin durowa domin tsinkenta ya ɓace daga kasuwa.

Shi ya sa ake ta kiran a samar da tsinke guda mai shiga kowace na'ura. Masu wannan kira na kawo misalin cajar waya: kowa ya tuna zamanin ƙaramin baki da babban baki, ga shi Tarayyar Turai ta tilasta caja iri ɗaya daga ƙarshen 2024. Masu ƙerawa na amsawa da cewa caja wuta kawai take kaiwa, shi kuwa tsinke shi ne ɗakin gwajin, kuma kowace na'ura an saita ta ne da sinadarin tsinkenta. Hujjar tana da ƙarfi ta fuskar kimiyya, ko da yake ta kuma yi daidai da maslahar mai faɗarta.

Hanyoyin da suka fi kusa su ne saye da yawa ta hannun gwamnati, sa tsinke cikin inshora, da ƙerawa a gida. A 2022 ƙasashen Hukumar Lafiya ta Duniya suka amince cewa nan da 2030 duk mai nau'i na ɗaya ya samu insulin da kayan gwajin kai a farashi mai sauƙi, a 2023 kuma hukumar ta ba da shawarar a sa na'urar gwaji ta gida cikin jerin muhimman kayan gwaji. A Najeriya dokar NHIA ta 2022 ta wajabta inshorar lafiya, amma mafi yawan 'yan kasuwa da manoma har yanzu daga aljihu suke biya. Kamfanin Colexa Biosensor ya buɗe masana'antar na'ura da tsinke a Legas, abin da zai iya rage dogaro da kayan waje, idan ingancin ya ɗore kuma kayan suka iso Arewa.

Wata muhawarar kuma ita ce ko kowa ne ke buƙatar gwajin kullum. Hukumar NICE mai tsara ƙa'idojin jiyya a Birtaniya ba ta ba da shawarar gwajin yau da kullum ga mai nau'i na biyu da ba ya allurar insulin ba, sai in akwai dalili, kamar juna biyu ko haɗarin faɗuwar suga. Mai shan ƙwayar maganin suga ta metformin kaɗai da wuya sukarinsa ya faɗi. Amma glibenclamide, wanda aka fi sani da Daonil kuma ake yawan rubutawa saboda araharsa, yana iya kayar da suga sosai, musamman ga tsoho ko wanda bai ci abinci ba. Don haka shawarar da ta dace da wani ba ta dace da wani ba, likita ne zai raba.

Lambar da ba a gane ba

Ma'auni biyu ake amfani da su, mmol/L da mg/dL, kuma a Najeriya duka biyun na yawo. Takardar asibiti ta ce 7.0, na'urar gida ta ce 126, abu ɗaya ne: a ninka na farko sau 18. Na'urar da ɗan'uwa ya aiko daga Ingila da ma'aunin farko take magana, ta Amurka da na biyu. Wanda ya saba da 120 ya ga 12 a allo zai iya rugawa neman lemon kwalba, alhali 12 ɗin nan 216 ce.

Sai harshe. Allo na nuna HI ko LO ko E da wata lamba, littafin bayani kuma da Turanci. HI a yawancin na'urori na nufin suga ya wuce 500 ko 600, wato maganar asibiti ce nan take. Ciwon suga na cikin manyan abubuwan da ke taɓa ido, don haka da yawa daga masu buƙatar na'urar ba sa ganin allon da kyau. Akwai na'urori masu magana da Turanci da Sifaniyanci. Muryar da za ta ce da Hausa "sukarinka ya yi ƙasa, sha abu mai zaƙi yanzu" ba ta buƙatar wani sabon ilimi. Kasuwa ce ba ta ga riba a ciki ba tukuna.

Na'urar manne da burin daina huda

FDA ta amince da na'urar bibiya ta farko a 1999. FreeStyle Libre ta kamfanin Abbott, da ta fito a Turai a 2014, ita ta kai fasahar ga talakawan can, kuma tun 2022 NICE ta ce a ba duk mai nau'i na ɗaya irin wannan na'ura. Amfaninta babba ne: tana nuna ko suga hawa yake ko sauka, tana kuma iya ƙara da dare ta tashi uwa idan na ɗanta ya faɗi.

Tana da nata raunin. Takan makara da mintuna kaɗan bayan jini, don haka idan lamba ta saɓa da yadda jiki ke ji, yatsa ake komawa. Gumi na ɓanɓare ta. Kwanciya a kanta na iya nuna faɗuwar ƙarya. Yawan shan bitamin C na ɗaga sakamakon wasu samfuran Libre, kamfanin Dexcom kuma ya yi gargaɗi cewa hydroxyurea, maganin da ake ba masu sikila, na sa nasa ya nuna sama da gaskiya. Sannan duk bayan mako ɗaya ko biyu sai an sayi sabuwa. Ita Stelo da ta jawo maganar, an yi ta ne domin manya waɗanda ba sa allurar insulin.

Awo ba huda kuwa an fi shekara 30 ana nemansa. GlucoWatch ta samu izini a 2001, tana janyo ruwa ta fata da 'yar wutar lantarki, amma ƙaiƙayi da rashin daidaito suka kore ta daga kasuwa cikin 'yan shekaru. Sukarin da ke jinin mutum gaba ɗaya bai wuce cokalin shayi guda ba, kuma gano shi ta bayan fata da gumi da kitse ya gagari manyan kamfanoni har yanzu. Agogon da ake tallatawa a farashin takalmi bai warware abin da ya gagare su ba.

Abin da ke hannun mai ciwo kafin gyara ya zo

Mai shirin sayen na'ura, tambayar farko ba kuɗinta ba ce. Nawa ne tsinkenta, kuma ana samunsa a garinku ko sai an aika Kano ko Legas? Sai lambar NAFDAC, ranar ƙarewar aiki, da ma'aunin da take nunawa. Tsinke ya zauna a kwalbarsa a rufe, a wuri mafi sanyi a ɗaki, ba a mota ko aljihun riga ba. Alƙalamin huda yatsa kuma na mutum ɗaya ne ko da an sauya allura, domin an sha samun yaɗuwar ciwon hanta nau'in B ta hanyar yin tarayya a kansa. Wannan ya shafi gidan da miji da mata da kaka ke amfani da na'ura ɗaya, ya kuma shafi gwajin kyauta a kasuwa.

Ga masu azumi, jagorar da IDF ta fitar tare da ƙawancen masana ciwon suga da Ramadan ta bayyana cewa huda yatsa domin gwaji ba ya karya azumi, ta kuma ce a karya azumin idan suga ya sauka ƙasa da 70 ko ya haura 300. Tunda na'ura na iya kuskure da maki 15 a wannan yanki, wanda ya ga 75 da la'asar yana rawar jiki da zufa bai kamata ya jira lamba ta sauka ba.

Hanyar sanin halin na'urarka kuwa ita ce ka tafi da ita ranar da za a ɗebi jininka a ɗakin gwaji, da safe kafin ka ci komai. Ka wanke hannu, ka gwada cikin mintuna kaɗan da ɗibar jinin, ka rubuta lambar a bayan katin asibiti. Idan sakamakon ya fito ka kwatanta. In tazarar ta wuce kashi 15 cikin ɗari, ko maki 15 idan suga bai kai 100 ba, a fara zargin kwalbar tsinken kafin na'urar, a sake gwadawa da sabuwa.